Tambaya da Amsa: Hoton da Lissafi Ya Zana da Saƙon da Jijiya Ke Ɗauka

Wasiƙu biyar muka zaɓa a wannan fitowa, biyu a kan zane da lissafi, biyu a kan jijiyoyin jikin ɗan Adam, ta biyar kuma ita ce ta hana ni raba su zuwa fitowa biyu kamar yadda na yi niyya tun farko. Kamar yadda muka saba, mun taƙaita wasiƙun kuma mun sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ga hoton wani tsuntsu a intanet yana shawagi, aka rubuta a ƙasa cewa ba da hannu aka zana shi ba, da lissafi aka fitar da shi. Malaminmu ya tabbatar mini gaskiya ne, amma aka buga ƙararrawa kafin ya yi bayani. Ta yaya lamba za ta rikiɗe ta zama hoto? Daga wata ɗalibar babbar sakandare a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Tushen abin shi ne a ba kowane ɗigo da ke kan takarda adireshi, kamar yadda ake kwatanta gida a sabuwar unguwa a ce layi na uku, gida na biyar. Idan kika ja layi ɗaya a kwance, kika ja wani a tsaye ya gitta shi, to lambobi biyu sun isa su nuna miki kowane wuri a shafin: ta farko, wadda ake kira x, tana faɗin taku nawa za ki yi dama ko hagu daga mahaɗar layukan, ta biyu kuma, wato y, tana faɗin taku nawa za ki yi sama ko ƙasa. Wannan dabara ta haɗa aljabara da siffofi ana danganta ta da René Descartes na Faransa, wanda ya bayyana ta a shekarar 1637, kuma har yau a kanta allon wayarki yake aiki, domin kowane ɗigon haske da ke kansa yana da nasa adireshin.

Abu na biyu shi ne ƙa'idar lissafi, wadda a aji kuke kira fankishin. Ki ɗauke ta kamar injin niƙa: ki zuba lamba ta sama, wata lambar ta fito ta ƙasa, da sharaɗin cewa duk lokacin da kika zuba lamba iri ɗaya, amsa iri ɗaya za ta fito. Idan kika zuba lambobi da yawa a jere, kika ɗiga tawada a adireshin da kowace amsa ta ba ki, ɗigon za su jeru su zama layi, kuma siffar layin ta dogara ne kacokan a kan ƙa'idar da kika zaɓa.

Ki samo takarda mai gida-gida mu gwada. Sharaɗinmu shi ne x² + y² = 25. Idan x ya zama 5, dole y ya zama sifili, sai ki ɗiga a nan. Idan x ya zama 4, y zai zama 3, domin 16 da 9 sun ba da 25. Idan x ya zama 3, y zai zama 4, idan kuma x ya zama sifili, y zai zama 5. Ki maimaita waɗannan ɗigon a sauran ɓangarori uku na takardar ta hanyar sa wa lambobin alamar ragi, za ki sami ɗigo goma sha biyu, kuma tun kafin ki haɗa su idonki zai gaya miki da'ira ce. Kin sami kan mutum ke nan. Don idanu, ki yi ƙananan da'irori biyu, cibiyar ɗaya a (2, 2), ta ɗayar a (−2, 2). Don baki, ki ɗauki y = x²/8 − 3, amma ki taƙaita x tsakanin −2 da 2, sai wani ɗan lanƙwasasshen layi ya fito a ƙasan fuskar yana murmushi. Wannan taƙaitawa ita ce rabin sana'ar, domin ƙa'idar lissafi ba ta san tsayawa ba, sai mai zane ya ce mata daga nan zuwa nan kawai nake so.

Masu zane na gaske sun fi amfani da wata hanya, inda ake sa x da y duka su dogara a kan lamba ta uku da ke tafiya kamar lokaci. Idan aka kira wannan lamba t, aka ce x = cos t, y = sin t, wato ƙa'idojin kusurwa da ake kira kosayin da sayin, ɗigon zai riƙa kewayawa kamar bakin hannun agogo, sai dai ta kishiyar hanya, yana barin da'ira a bayansa. Idan kuma aka sa nisan ɗigon daga cibiya ya riƙa ƙaruwa da raguwa yayin da yake kewayawa, kamar a r = cos 3θ, inda r shi ne nisan, θ kuma kusurwar da ɗigon ya kewaya, fure mai kunne uku zai fito. Wani abin mamaki da ɗan Italiya Guido Grandi ya yi nazarinsa tun ƙarni na 18 shi ne cewa idan lambar da ke tare da θ mara ce, irin 3 ko 5, tana ba da kunnuwa daidai da adadinta, amma cika irin 2 ko 4 ninki biyu take bayarwa, wato 4 da 8.

Tsuntsun da kika gani ina kyautata zaton aikin Hamid Naderi Yeganeh ne, wani ɗan Iran da aka haifa a 1990, wanda ya yi suna wajen zana tsuntsaye da kifaye da furanni ta hanyar tara ɗaruruwa ko dubban layuka da da'irori, kowace ɗaya ƙa'ida guda ce ke faɗin inda za ta zauna da girman da za ta yi. Kwamfuta ce ke ɗiga ɗigon, amma ba ita ta san kamannin fiffike ba. Mutum ne ke zama yana ƙara wani abu a lissafin, ya duba, ya rage, ya sake dubawa, har siffar ta yi masa. Idan kina son ki gwada, manhajojin Desmos da GeoGebra kyauta ne kuma suna aiki a waya, sai dai shawarata ki fara da takarda da fensir, domin wanda ya ɗiga ɗigo goma sha biyun nan da hannunsa ba zai sake tsoron da'ira a jarrabawa ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni sana'ata tsara katin biki da allunan talla a kwamfuta, kuma tun da na bar makaranta ban sake waiwayar lissafi ba. Wannan zane da lissafi yana da wani amfani ne, ko kuwa wasa ne na waɗanda ba su da abin yi? Daga wani matashi a Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, ai da shi kake cin abinci kullum ba tare da ka sani ba. Duk lokacin da ka ja layi a manhajar zane, ka kama ɗan hannun nan da ke fitowa a gefen ɗigo ka lanƙwasa shi, ƙa'idar lissafi kake sarrafawa. Ma'aikatan kamfanonin mota biyu ne a Faransa suka samar da ita, Paul de Casteljau a kamfanin Citroën a 1959, da Pierre Bézier a Renault a shekarun 1960, don su iya bayyana lanƙwasar jikin mota ta yadda inji zai yanke ta daidai. Ɗigo huɗu sun isa su tsayar da lanƙwasa guda, biyu a bakunanta, biyu suna jan ta daga gefe. Haruffan da kake bugawa ma da irin wannan lanƙwasa aka adana su, shi ya sa harafi ɗaya zai yi kyau a ƙaramin kati, ya kuma yi kyau a allon bakin titi, alhali hoton da aka ɗauka da waya yana dusashewa idan ka buɗa shi da yawa, saboda shi tarin ɗigo ne ƙidayayyu.

Hotunan ma ba su kuɓuta ba. Joseph Fourier ya wallafa a 1822 cewa ana iya gina layi mai sarƙaƙiya ta hanyar tara igiyoyi masu sauƙi na sayin da kosayin, manya da ƙanana, kuma a kan wannan tunani aka gina tsarin JPEG da ke matse hotuna: ana rarraba hoto zuwa igiyoyin kosayin, a zubar da ƙananan da ido ba ya lura da su sosai, a ajiye sauran.

Tambaya: Malam, ina koyar da kimiyya a ƙaramar makaranta, kuma yara sun ƙure ni. Littafi ya ce saƙo yana tafiya a jijiya ta hanyar lantarki. Suka ce idan haka ne me ya sa wutar ba ta jan mu, kuma me ya sa idan mutum ya yi tuntuɓe yakan ji zafi sau biyu, na farko mai kaifi, na biyu mai raɗaɗi bayan ɗan lokaci? Daga wani malamin makaranta a Maraɗi.

Amsa: Malam, ka gaishe mini da yaran nan, domin tambayarsu ta biyu ta fi ƙarfin ajinsu. Kafin komai, a Hausa kalmar jijiya ta haɗa mai ɗaukar jini da mai ɗaukar saƙo da mai ɗaure tsoka da ƙashi, to mu a nan mai saƙon muke nufi. Ita kuma damin zarurruka ce, kowane zare wutsiya ce ta ƙwayar halitta guda da ake kira niyuron. Ƙwaƙwalwar mutum tana da irin waɗannan ƙwayoyi kimanin biliyan 86. Kowace tana da jiki, da rassa gajeru masu karɓar saƙo, da doguwar wutsiya ɗaya mai fitar da shi, wadda ake kira akson, kuma akwai wanda tsawonsa ya kai mita guda, daga ƙasan laka har zuwa yatsan ƙafa.

Lantarkin jijiya ba irin na wayar wuta ba ne. A cikin waya, saƙo yana gudun fiye da kilomita 100,000 a daƙiƙa, amma da Hermann von Helmholtz ya auna na jijiyar kwaɗo a 1850, sai ya tarar wajen mita talatin ne kawai a daƙiƙa. Dalili shi ne cewa gishiri ne ke yin aikin. Ruwan da ke wajen ƙwayar yana da sodiyam da yawa, na cikinta kuma fotasiyam ne ya yi yawa, kuma akwai wani ɗan famfo a fatar ƙwayar, wanda Jens Skou na Denmark ya gano a 1957, da ke fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu ba dare ba rana don kada bambancin ya gushe. Da yake fotasiyam yana ɗan yoyo zuwa waje, cikin ƙwayar yakan zauna ƙasa da wajenta da kimanin milibolt 70. Wannan bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na ƙarfin batirin tocila ba, don haka ka gaya wa yara babu abin da zai ja su.

Ka ɗauki sodiyam ɗin da ke waje kamar ruwan da aka tare a madatsa. Idan wani abu ya taɓa ƙwayar har ƙarfin cikinta ya tashi daga −70 zuwa wajen −55, ƙofofin sodiyam sukan buɗe, ya kwararo ciki, shigowarsa ta sa wasu ƙofofin su ƙara buɗewa, har cikin ya haura sifili ya kai wajen +30 ko +40. Nan take ƙofofin sodiyam su rufe kansu, na fotasiyam su buɗe, ya fita, ƙarfin ya koma ƙasa. Duk wannan hawa da sauka yana ƙarewa cikin kashi ɗaya ko biyu na dubun daƙiƙa. Wurin da ya tashi yana tayar da maƙwabcinsa, shi ma ya tayar da na gaba, kamar wuta a busasshiyar ciyawa, kuma kamar yadda wuta ba ta komawa inda ta riga ta cinye, haka saƙon ba ya komawa baya, saboda ƙofofin da suka rufe suna buƙatar ɗan hutu kafin su sake buɗewa. Bambancin kawai shi ne wannan ciyawa tana sake tsirowa kafin ƙiftawar ido.

Abin da ya fi ba ɗalibai mamaki shi ne cewa bugun ba shi da babba da ƙarami. Ko dai ya tashi gaba ɗaya, ko kada ya tashi sam. To ta yaya muke bambance shafar iska da matsar hannu? Edgar Adrian na Jami'ar Kambirij da ke Ingila ya nuna a shekarun 1920 cewa yawan bugun ne ke sauyawa: taɓawa mai sauƙi tana aika bugu jefi-jefi, mai ƙarfi kuma tana aika su bi da bi, kamar makaɗin da ƙarfin hannunsa ɗaya ne amma yana iya sassauta kiɗa ko ya tsananta shi.

Yanzu ga tuntuɓe. Wasu zarurrukan suna naɗe da wani kitse da ake kira mayalin, wanda ke da 'yan giɓi a jere kamar gaɓoɓin rake, kuma a kansu bugun tsalle yake yi daga gaɓa zuwa gaɓa, har mafi kaurinsu su kai gudun mita 120 a daƙiƙa. Wasu kuma tsirara suke, sirara ƙwarai, gudunsu bai wuce mita ɗaya zuwa biyu ba. Zafi yana da hanyoyi a duka nau'o'in biyu. Na farko mai kaifi yana bin zare mai ɗan mayalin, ya isa ƙwaƙwalwa cikin ɗan ƙanƙanin ɓangare na daƙiƙa, na biyu kuma yana bin mara mayalin, kuma tun da daga yatsan ƙafa zuwa kan babban mutum ya kai mita ɗaya da rabi, yana iya ɗaukar daƙiƙa guda ko fiye. Wannan ɗan jinkirin da mutum ke yi yana riƙe da ƙafa, ya san raɗaɗi na tafe amma bai iso ba, tazarar gudun zarurruka biyu ce yake ji a jikinsa.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce. Mukan karɓi waɗanda maganin ƙwari irin fiya-fiya ya illata, suna dalalar da miyau, tsokarsu na rawa. Mene ne haɗin wannan da jijiya? Daga wata 'yar'uwa a Gusau.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Ƙwayoyin jijiya ba a manne suke da juna ba, kamar yadda Santiago Ramón y Cajal na Sifen ya dage a kai har aka yarda, kuma zane-zanen da ya yi da hannunsa ana amfani da su har yau. Tsakanin bakin akson da ƙwayar da ke gaba akwai ɗan giɓi na kimanin nanomita 20 zuwa 40, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Idan bugu ya iso bakin, kalsiyam yakan shiga, ya sa wasu ƙananan jakunkuna su zubar da sinadari a giɓin, sinadarin ya haye ya buɗe ƙofofi a ɗaya gefen. Otto Loewi ya tabbatar da haka a 1921 da zukatan kwaɗi biyu: ya motsa jijiyar ta farko har bugunta ya ragu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma ta rage gudu. Sinadarin shi ne asetilkolin, kuma shi ne ke umartar tsoka ta motsa da gilan ɗin miyau su zubo.

Da zarar ya isar da saƙo, akwai wani sinadarin da ke farfasa shi nan da nan don mahaɗar ta yi shiru. Fiya-fiya da danginsa wannan mai sharar suke kashewa, sai asetilkolin ya taru, umarni ɗaya ya yi ta maimaituwa, abin da ke jawo miyau da gumi da tsukewar ƙwayar ido da rawar tsoka, daga baya numfashi ya gagara. Allurar atirofin da kuke yi tana toshe wani rukuni na makarɓan asetilkolin ne. Ita kuwa allurar kashe zafi ta wajen ɗinki ko cire haƙori, ƙofofin sodiyam take toshewa, don haka bugun ba ya ma tashi balle ya isa mahaɗa.

Tambaya: Malam, ina karatun lissafi a jami'a, abokina kuma yana karatun likita, kullum yana ce mini jikin mutum ya fi ƙarfin a rubuta shi a allo. Shin akwai wanda ya taɓa rubuta aikin jijiya da lissafi har ya yi daidai? Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

Amsa: Ɗana, akwai, kuma a ganina yana cikin mafi kyawun abin da aka taɓa yi da lissafi a ilimin halittu. A 1939, Alan Hodgkin da Andrew Huxley suna aiki a wani ɗakin binciken halittun teku a Plymouth da ke Ingila, a kan wata dabbar ruwa mai taushin jiki da ake kira sikwid, wadda ke da akson mai kaurin da kan kai rabin milimita zuwa guda, kauri isasshe a zura siririn bututu a cikinsa. A nan suka auna bugun jijiya daga ciki, suka ga layin ya haura sifili, abin da ra'ayin lokacin bai yi hasashe ba. Makonni kaɗan bayan haka Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aikin ya tsaya shekaru.

Da suka dawo, sun yi amfani da wata dabara ta riƙe ƙarfin lantarkin akson a matakin da suka ga dama, su auna yawan sodiyam da fotasiyam da ke ratsawa a kowane mataki. Sakamakon ya fito a matsayin lanƙwasassun layuka a takarda, kuma a nan aikinsu ya zama kishiyar na mai zana tsuntsu: shi yana da ƙa'ida yana neman hoto, su kuma suna da hoto suna neman ƙa'idar da ta haife shi. Sun ƙare da jimlolin lissafi huɗu masu bayyana yadda abubuwa ke sauyawa da lokaci, ɗaya don ƙarfin lantarki, biyu don buɗewa da rufewar hanyar sodiyam, ɗaya don ta fotasiyam. Kwamfutar Kambirij ta lokacin, EDSAC, tana cikin gyara, don haka Huxley ya zauna da injin lissafi na hannu samfurin Brunsviga yana murɗa shi, kuma lissafin bugu mai tafiya ya ci masa kimanin mako uku. Layin da ya fito daga lambobin ya yi kama da wanda dabbar ta bayar, da hawansa da saukarsa har da ɗan nutsewar da yake yi a ƙarshe. Lissafin ya ce gudun bugun zai zama mita 18.8 a daƙiƙa, awo ya ba da 21.2. Sun wallafa aikin a 1952, suka sami kyautar Nobel a 1963 tare da John Eccles. Ƙofofin da lissafinsu ya yi ishara da su kuwa ba wanda ya auna guda ɗaya daga irinsu kai tsaye a fatar ƙwayar halitta sai a 1976, lokacin da Jamusawa biyu, Erwin Neher da Bert Sakmann, suka yi hakan.

Abokinka yana da nasa rabon gaskiya, domin jimlolin nan na zare ɗaya ne na dabba ɗaya, kuma daga nan zuwa bayyana tunani ko tuna fuskar mahaifiya tafiya ce mai nisa. Amma kai da ka yi darasin jimlolin sauyi, za ka iya shigar da waɗannan huɗun a ƙaramar kwamfuta, ta yi aikin mako ukun Huxley kafin ka ɗaga hannu daga madannai. Ka fara da ɗan ƙaramin lantarki, za ka ga layin ya ɗan motsa ya koma ya kwanta. Ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har bugu ya tashi, sannan ka ninka lantarkin ka riƙe shi, ka kira abokin naka ya auna tsayin ƙololuwar, ya kuma ƙirga bugu nawa suka fito a kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa.